Da Wane Mudu Ake Auna Musibar Girgizar Ƙasa?

Duk sa'ad da gidajen rediyo suka kawo labarin girgizar ƙasa a wata nahiya, abin da mai karanta labarai yakan fara jefo mana, tun bai gama faɗin sunan garin da abin ya auku ba, shi ne lambar da masana suka ba girgizar, ya ce mai ƙarfin maki 7.2 ce, ko kuwa mai maki 5.6, mu kuma masu sauraro, da yake mun saba da cewa babbar lamba ita ce babban al'amari, sai mu yanke hukunci nan take, in mun ji 8 mu yi salati mu jajanta, in mun ji 5 mu ce abin ya zo da sauƙi mu koma kan hirarmu. Ra'ayina shi ne wannan hukunci gurgu ne, kuma gurguntakarsa ta fi zama hatsari ga al'umma irin tamu, wadda Allah Ya zaunar da ita a kan ƙasa mai natsuwa, har ta ɗauka zancen girgiza zancen mutanen Japan ne da Turkawa. Lambar nan tana da amfaninta, ba ni musun haka, amma tambayar da take amsawa dabam take da tambayar da ke cikin zuciyar mai sauraro, gama ita yawan ƙarfin da ya kuɓuce a can ƙarƙashin ƙasa take faɗi, shi kuwa so yake ya san mutum nawa za a yi wa sutura in gari ya waye.

Shekarar 1960 kaɗai ta isa hujja ga mai neman hujja. A daren 29 ga Fabrairu na wannan shekara, cikin kwanakin farko na watan azumi, saura kamar minti 20 sha biyun dare ta cika, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin Agadir, wani birni na bakin teku a kudancin Maroko, motsin da bai wuce kamar sakan 15 ba, wanda masana suka auna shi a kan maki 5.7 ko 5.8, wato matsakaiciyar girgiza, irin wadda da wuya mako ya shige ba a yi kamarta a wani lungu na duniya ba, ba tare da ko jarida ta ambata ba. Amma da gari ya waye sai aka tarar tsofaffin unguwanni irin su Talborjt da Yachech da Kasba sun zama tsibin duwatsu, aka ƙiyasta mamata tsakanin 12,000 da 15,000, wato wajen sulusin mutanen garin, har ya zama tilas hukumar Sarki Muhammadu na Biyar ta kwashe waɗanda suka tsira, ta sake gina birnin a wani fili kudu da tsohon mazauninsa. Ba a cika wata uku ba bayan wannan, ran 22 ga Mayu, aka yi girgiza kusa da Valdivia ta ƙasar Chile mai maki 9.5, wadda har yau ba a auna wata da ta kai ta ba tun da aka ƙago na'urorin awo, wadda kuma ta tayar da igiyar teku da ta ƙetare Tekun Pasifik ta halaka mutane a Hawai da Japan. Ƙarfinta ya ninka na Agadir fiye da sau 300,000, amma ko a ƙiyasin da ya fi yawa, mamatanta ba su kai na Agadir ba, ko kusa.

Domin a fahimci yadda haka ta yiwu, lalle ne a san abin da lambar ke nufi. Wani masani Ba'amurke mai suna Charles Richter shi ya shimfiɗa ma'aunin farko a shekarar 1935, domin girgizar jihar Kalifoniya, daga baya kuma, a 1979, Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka kawo wanda ya fi shi daidai ga manyan girgizoji, wanda ke duban tsawon dutsen da ya tsage, da faɗinsa, da yawan gocewar da ya yi. Shi ne ake aiki da shi yau, ko da yake 'yan jarida ba su daina kiran sunan Richter ba. Sirrin ma'aunin shi ne matakansa ba irin na tsani ba ne, inda kowane mataki daidai yake da ɗan'uwansa, a'a, kowane maki ɗaya da aka ƙara yana nufin ƙarfi ya ninku kamar sau 32, maki biyu kuwa sau 1,000. In muka ɗauki girgiza mai maki 5 a matsayin mudu ɗaya na gero, to mai maki 6 mudu 32 ke nan, mai maki 7 mudu 1,000, mai maki 8 kuwa mudu 32,000, abin da sai an ɗauko manyan motoci. A shekara guda, bisa matsakaicin lissafi, akan yi mai maki 8 ko fiye kamar sau ɗaya, masu maki 7 kamar 15, masu maki 6 fiye da 100, masu maki 5 kuwa fiye da 1,000, kuma mafi yawansu a ƙarƙashin teku ko a daji suke ƙarewa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani sai na'ura.

Akwai wani ma'auni na biyu da ba a cika ambatonsa a labarai ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da bukatar talaka, wanda ake jingina shi ga Giuseppe Mercalli, wani limamin kirista kuma masanin duwatsu masu aman wuta a Italiya. Shi darajoji 12 gare shi, kuma ba ruwansa da abin da ya faru can ƙasa, abin da ya isa ga mutane yake dubawa: shin kwanuka ne suka yi ƙara, ko bango ne ya tsage, ko kuwa gari ne ya kwanta? Girgiza ɗaya lamba ɗaya gare ta a ma'aunin farko, amma a na biyu kowane gari da tasa daraja, gwargwadon nisansa da zurfin inda dutsen ya tsage. Ta Agadir a gindin garin ta auku, zurfinta bai wuce kilomita 15 ba, saboda haka ɗan ƙarfin da ke gare ta kaf a kan gidajen mutane ta sauke shi. A shekarar 2013 kuwa an yi mai maki 8.3 a ƙarƙashin Tekun Okhotsk, gabashin Rasha, a zurfin kilomita 600, aka ji motsinta har Mosko, amma ba ta rushe gari ko ɗaya ba. Na baya-bayan nan ma shaida ne, don a ƙarshen Yuli na 2025 an yi mai maki 8.8 a tekun Kamchatka, aka yi ta shelar gargaɗin igiyar teku daga Japan har Amurka, abin ya wuce da ɗan ta'adi kaɗan. Bayan wata guda, a daren 31 ga Agusta, mai maki 6.0 ta afka wa ƙauyukan lardin Kunar na Afganistan, inda gidaje na dutse da laka ne a jikin tsaunuka, ta kashe fiye da mutum 2,000.

Bayan zurfi da nisa, sai irin ƙasar da gari ke zaune a kanta. Birnin Meziko an gina shi ne a kan busasshen tafki, ƙasa mai laushi wadda ke karɓar motsi ta ninka shi, shi ya sa girgizar 19 ga Satumba 1985, wadda tushenta ke can bakin teku, fiye da kilomita 300 daga birnin, ta tsallake garuruwan da ke kan dutse a hanya ta zo ta zubar da benaye a tsakiyar babban birnin, dubbai suka halaka. Sai kuma sa'ar da abin ya zo, wadda ba ta hannun kowa. Ta birnin Bam na Iran, ran 26 ga Disamba 2003, da asuba ta zo, mutane suna barci a ƙarƙashin rufin ƙasa mai nauyi, mai maki 6.6 ce tak, ta ci fiye da rai 26,000. Ta Kashmir, ran 8 ga Oktoba 2005, da hantsi ta zo, yara suna aji, makarantu suka rufta da su. Ta Myanmar, ran 28 ga Maris 2025, ranar Juma'a ce cikin Ramadan, daidai lokacin da Musulmin yankin Mandalay da Sagaing suka taru a masallatai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk waɗannan, zurfi da nisa da ƙasa da sa'a, abubuwa ne da ɗan Adam ba shi da iko a kansu, ko kuwa ikonsa kaɗan ne. Saura abu guda wanda yake hannunsa ɗungurungum, wanda kuma a ganina ya rinjayi sauran duka in aka ɗora su a sikeli, shi ne ginin da yake kwana a ciki. Ran 12 ga Janairu 2010 girgiza mai maki 7.0 ta auku kimanin kilomita 25 daga Port-au-Prince, babban birnin Haiti, birnin da aka cika shi da gidajen bulo marasa isasshen siminti, da dakin mai nauyi a kan ginshiƙai sirara, ba hukumar da ta duba, ba dokar da aka bi. Fadar shugaban ƙasa ta rufta, babbar majami'a ta rufta, hedkwatar ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ta rufta, gwamnati ta ce mamata sun haura 200,000, kuma ko masu binciken da suka rage wannan adadi ba su fitar da shi daga dubun-dubata ba. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ran 27 ga Fabrairu, da tsakar dare, mai maki 8.8 ta girgiza tsakiyar Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti kamar sau 500, mamata kuwa 500 da 'yan kai, kuma da yawa daga cikinsu ruwan teku ne ya ci su. Adalci ya wajabta a ce ta Chile tushenta a teku yake, kuma ta fi zurfi, amma wannan bai isa ya bayyana ratar da ke tsakanin ɗaruruwa da dubun-dubata ba, tun da birnin Concepción ya sha jijjiga mai tsanani na tsawon mintoci, kuma mafi yawan benayensa suka tsaya.

Mutanen Chile ba da wayo aka haife su ba, wuya ce ta koya musu. Girgizar Chillán ta 1939 ta kashe musu mutane wajen 28,000, ta 1960 ta biyo baya, kowacce kuma ta bar musu gyara a dokar gini. Abin da ya fi burge ni a dokarsu kuwa shi ne ta ɗora wa wanda ya gina gida ya sayar lamunin duk wani aibi na ƙashin ginin har shekara 10, saboda haka ɗan kwangilar da ya rage rodi ya san ba bankwana ya yi da gidan ba ranar da ya karɓi kuɗinsa. Kada kuma wani ya zaci rubuta doka shi ne magani, domin Turkiyya tana da dokokin gini masu kyau a takarda, waɗanda aka sabunta bayan girgizar Izmit ta 1999 da ta kashe fiye da mutum 17,000. Amma hukuma ta riƙa yin afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda, ta ƙarshe mai girma a 2018. Da girgiza mai maki 7.8 ta zo da ƙarfe 4:17 na asubahin 6 ga Fabrairu 2023, wata mai maki 7.5 ta bi ta bayan sa'a tara, takardun afuwar nan ba su riƙe ginshiƙi ko ɗaya ba. Benaye suka kwanta hawa a kan hawa, fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya, dubbai a Siriya. A cikin mamatan har da Christian Atsu, ɗan ƙwallon ƙasar Gana, wanda aka zaƙulo gawarsa a Antakya daga ƙarƙashin wani katafaren bene na masu hali, irin wanda ake tallarsa da sunan ƙawa da aminci.

Wanda ke son ya ga yadda ake zaman jiran babbar girgiza, ya dubi Istanbul. Akwai wata doguwar tsaga da ta ratsa arewacin Turkiyya daga gabas zuwa yamma, inda falalen dutse biyu na ɓawon duniya ke gogar juna, kuma tun daga girgizar Erzincan ta 1939, wadda ta kashe fiye da mutum 30,000, tsagar ta yi ta ɓallewa gaɓa bayan gaɓa tana matsowa yamma, har ta iso Izmit a 1999; gaɓar da ta rage ita ce wadda ke kwance a ƙarƙashin Tekun Marmara, daf da birnin da mutanensa suka haura miliyan 15. Tarihin Daular Usmaniyya ta Turkawa ya kiyaye girgizar 1509, wadda mutanen zamanin suka yi wa laƙabi da Ƙaramar Alƙiyama, da kuma ta 1766. Masana sun haɗu a kan cewa mai maki 7 ko fiye tana tafe, sun kuma haɗu a kan cewa ba wanda ya san ranarta. A nan ya kamata in ja kunnen masu yaɗa saƙonni a waya cewa wani masani ya ce ranar kaza ƙasa za ta girgiza a gari kaza: ilmin da ke hannun mutane yau yana iya nuna wuri, yana iya ƙiyasta girma, yana iya cewa cikin shekaru masu zuwa, amma bai kai ga rana da sa'a ba. Sinawa sun taɓa kwashe mutanen Haicheng a 1975 kafin girgiza ta zo, duniya ta yi murna an gano bakin zaren, sai ga ta Tangshan a shekara mai bi ta zo ba sallama, ta kashe mutum 242,000 bisa lissafin hukuma. Iyakar abin da na'urorin Japan da Meziko ke bayarwa shi ne gargaɗin 'yan sakanni bayan dutsen ya riga ya tsage, wanda ya isa a tsayar da jirgin ƙasa ko yaro ya shige ƙarƙashin tebur.

To, mu fa? Gaskiyar da ya wajaba a faɗa da farko, tare da godiya ga Allah, ita ce Afirka ta Yamma tana zaune a kan tsohon dutse mai kauri, nesa da bakin falalen da ke karo da juna, saboda haka yiwuwar girgiza irin ta Chile ko Japan a ƙasar Hausa abu ne mai nisa ƙwarai, kuma duk mai tsorata jama'a da irin wannan ya yi musu ƙarya. Amma natsuwar ƙasa ba ta zama alkawari ba. Birnin Akra, inda dubban Hausawa ke zaune a zangogi irin su Nima da Sabon Zango, ya sha girgiza a 1862, ya sake sha ran 22 ga Yuni 1939 da mai maki 6 da wani abu, mutum 17 suka mutu a lokacin da garin bai kai ko kusa da girmansa na yau ba. Ran 22 ga Disamba 1983, mai maki 6 da ɗoriya ta afka wa yankin Gaoual na arewa maso yammacin Gini, wurin da ba wanda ke lissafa shi cikin wuraren girgiza, ɗaruruwa suka mutu. A Nijeriya an ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, an ji a Mpape ta Abuja a Satumban 2018, har mutane suka fito daga gidajensu cikin firgici. Akwai kuma cibiyar gwamnati a Toro ta jihar Bauci da aikinta ya haɗa da sauraron irin wannan motsi. Duk waɗannan na Nijeriya ƙanana ne, amma sun isa su nuna akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinmu da ba su mutu ba.

A nan ne tambayar girman da za a kira musiba take samun amsarta a wurinmu, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. Mu mutane ne da gine-ginenmu ke faɗuwa ƙasa tana zaune lafiya lau. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ta Legas ya zube, fiye da mutum 40 suka mutu, ba girgiza ba guguwa. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta da ɗalibai a Jos, 22 suka rasu. Kowane birkila ya san yadda ake yi: buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo kaza sai a matse shi ya ba da ninki, rodin da injiniya ya rubuta sai a sayo wanda bai kai shi kauri ba, fandishon da aka haƙa domin hawa ɗaya sai a ɗora masa uku saboda kuɗin haya ya yi daɗi, ƙasan bene kuma a fasa bangayensa a mai da shi shaguna, a bar nauyin gidan duka a kan 'yan ginshiƙai, wanda shi ne ainihin fasalin da ya fi saurin durƙushewa in ƙasa ta motsa gefe da gefe. Ginin da da ƙyar yake ɗauke da nauyin kansa a tsaye, yaya zai yi in aka tura shi daga gefe? Alƙahira ta ba da misali ran 12 ga Oktoba 1992, inda mai maki 5.8 ta kashe fiye da mutum 500, wasu a ƙarƙashin tsofaffin gidaje da benayen da aka yi wa ƙarin hawa, wasu kuma yara ne da aka tattake a turmutsitsin fita daga makarantu. Hukuncina shi ne, girgizar da mutumin Tokyo zai ji ya gyara kwanciya ya ci gaba da barcinsa, mai maki 5 da rabi zuwa 6, in ta zo ba zurfi a gindin ɗaya daga cikin manyan biranenmu, za ta zama musibar da ba mu taɓa ganin irinta ba.

Ginin ƙasa na gargajiya ma, wanda nake ƙauna saboda sanyinsa da kyansa, ba zan ɓoye aibinsa a wannan babi ba. Tubali da laka suna jure nauyin da ya danno daga sama, ba sa jure girgiza, rufin soro kuwa na azara da ƙasa nauyi gare shi, in ya sauko ba ya barin wurin numfashi. Abin da ya cinye Bam ke nan, shi ne kuma ya cinye ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko a daren 8 ga Satumba 2023, inda mai maki 6.8 ta kashe kusan mutum 3,000, ta kuma rushe yawancin tsohon masallacin Tinmel na zamanin daular Muwahhidai. Maganin ba rushe gidajen ƙasa ba ne. Masana gini sun nuna ɗaurin katako ko na kankare da ya zagaye saman bango ya haɗe kusurwoyi, tare da rage nauyin rufi, yana ƙara wa irin wannan gida ƙarfi ƙwarai, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba.

Na san akwai wanda zai ce duk wannan dogon lissafi ne a kan abin da yake ƙaddara, wanda kwanansa ya ƙare ko a gidan ƙarfe yake sai ya tafi. Haƙiƙa ajali ba ya jinkiri, kuma girgiza aya ce daga ayoyin Ubangiji, har akwai sura guda da aka sa wa sunanta. Amma magabatanmu ba su fahimci imani da ƙaddara a matsayin barin sababi ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya kai Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham aka gaya masa annoba ta sauka a can, shawara ya yi da sahabbai ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi kuwa, ya nuna cewa juyawar ma a cikin ƙaddarar take. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda littattafansa suka cika zaurukan malamanmu, wanda har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas, bai ga ƙasƙanci ba a zama ya tattara tarihin girgizojin da suka auku shekara bayan shekara a littafinsa Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala, kuma masana girgiza na wannan zamani suna komawa gare shi domin sanin inda ƙasa ta taɓa motsawa a ƙasashen Musulmi. Masu wa'azin da ke cewa zunubi ne ke jawo irin wannan bala'i, ina roƙonsu in sun zo lissafa zunuban kada su tsallake algus a siminti, da cin hancin jami'in da ya sa hannu a takardar ginin da bai taɓa takawa ya gani ba, gama waɗannan su ne zunuban da alaƙarsu da mutuwar bayin Allah a ƙarƙashin ɓaraguzai take a fili, ba ta bukatar tawili.

Fiƙihunmu na Malikiyya ma bai bar wannan mas'ala ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, an tabbatar da cewa bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, ya kuma sami lokacin da zai gyara bai gyara ba, in ya faɗi ya halaka rai ko dukiya, to lamuni yana kansa. Dubi sharuɗɗan nan uku, karkata da gargaɗi da samun dama, za ka ga ba abin da dokar Chile ta zo da shi wanda fuƙaha'u ba su riga ta shimfiɗa asalinsa ba. Mu kuwa an gargaɗe mu, Ikoyi gargaɗi ne, Jos gargaɗi ne, Mpape ma gargaɗi ne, dama kuma muna da ita tun da ƙasa ba ta motsa ba tukuna. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma har yau a mafi yawan wurare bai zama abin da ake tilasta wa kowa bi ba.

Saboda haka kirana ga gwamnoninmu da majalisun jihohi shi ne su fara da wuraren da jama'a ke taruwa, wato makarantun bene na gwamnati da na kuɗi, da asibitoci, da masallatan Juma'a, da manyan kasuwanni, a tura injiniyoyi masu tsoron Allah su duba su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya karkata a rufe shi har a gyara, ko na wane ne. A kuma yi doka da za ta ɗaure ɗan kwangila da jami'in da ya ba shi izini da lamunin ginin na shekaru bayan an miƙa makulli. Kai kuma mai gida da ke shirin ɗora hawa na biyu a kan fandishon da mahaifinka ya haƙa domin hawa ɗaya, ka nemi injiniya ya duba maka kafin ka sayi bulo ko guda, domin iyalinka ne za su kwana a ƙasa.